Sunan Sabi'u a Sama, Kwaɗo a Ƙasa

A wannan makon Malam Sabi'u ya cika shekara shida a makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru, domin ni ba mutumin jarida ba ne, malamin makaranta ne kamar yadda shi ma ya kasance. Bana shirun ya gagare ni. Na je makarantarsa da ke yankin Kwali, na tsaya a gaban ɗakin da aka sa wa sunansa, na dawo gida raina a ɓace, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai daina ɓaci ba. Allah Ya jiƙan Sabi'u, Ya kai haske kabarinsa.

Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, saboda haka tun ranar da muka fara haɗuwa a tashar mota ta Jabi ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Yana koyar da kwamfuta a wata sakandaren gwamnati a Kwali, ni ina koyar da ita a Karshi, shi a wancan ƙarshen Abuja, ni a wannan. Dukanmu ba kwamfuta muka karanta ba. Shi lissafi ya karanta, ni kimiyya. A wancan zamanin duk malamin da aka ga ya iya buga takarda, sai a wayi gari an ce shi ne malamin kwamfuta, a miƙa masa manhajar karatu a ce Allah Ya ba da sa'a. Daga ranar kuma ya zama mai buga tambayoyin jarrabawa na kowa, mai gyaran wayar shugaban makaranta, mai tsara katin bikin 'yar mataimakinsa. Sabi'u yakan ce a makaranta kowa yana da aiki da malamin kwamfuta, ban da ɗalibai.

Wanda ba ya cikin sana'ar nan ba zai gane yadda muke ƙishirwar ƙaro ilimi ba. Malamin nahawu zai iya kaiwa ritaya da abin da ya baro kwaleji da shi, in ya ɗan riƙa ƙarawa. Mu kuwa abin da ka ƙware a kai bana, baɗi ya zama tsohon yayi, ɗalibinka mai waya a aljihu ma ya wuce wurin. Shi ya sa taron bita, inda ake tara malamai a koya musu sabon abu, ya zame mana dole. A nan kuma Sabi'u ya ci karo da abin da ya yi ta faɗa da shi har ƙarshen rayuwarsa, wato layin bita.

Bari in yi wa mai karatu bayanin layin nan, domin da kyakkyawar niyya aka kafa shi. A da, idan takardar gayyata zuwa bita ta zo makarantarsu, shugaba ne ke zaɓar wanda ya ga dama, kuma kullum 'yan gaban goshinsa yake gani. Bita kuwa akwai ɗan alawus, akwai kwanan otal, akwai cin kaza, a dawo da jaka mai tambari. Aka yi ta gaba da tsegumi a ofishin malamai, har aka zauna aka yanke cewa daga yau bi da bi za a riƙa tafiya, daga babba zuwa ƙarami. Kowace gayyata ta zo, wanda layi ya zo kansa shi ne mai tafiya. Kowa ya ce an yi adalci, rigima ta mutu. Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne, bitar ta mece ce? An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bitar ɗakin gwajin kimiyya ta faɗa kan malamin Hausa. Shi kansa Sabi'u, da layinsa ya zo, bitar koyar da rubutun insha'i cikin Turanci ce ta same shi, ya je ya zauna yana hamma. Da ya dawo ba da jimawa ba aka kawo ta kwamfuta, malamar koyar da girki da ɗinki ta tafi.

Ya yi magana a taron malamai ba sau ɗaya ba. Ya taɓa ce musu in da asibiti za su yi irin wannan layi, ranar da za a yi wa mutum tiyata direban motar asibiti ne zai riƙe wuƙa. Aka yi dariya, aka wuce zuwa batu na gaba. Ya ce to a bar wa mai layi alawus ɗin da jakar, shi kujerar kawai yake so. Aka ce wanda aka tura sunansa shi ne zai zauna. Wasu suka fara cewa Sabi'u idonsa na kan rabon mutane, kuma wannan magana ta yi masa ciwo fiye da yadda ya nuna. Na san haka domin ni yake faɗa wa.

Da ya ga ba ci, sai ya nemi wata hanya. Akwai wani Bakatsine, Alhaji Mudi, mai sayar da kwamfutoci na hannu a Jabi, wanda Sabi'u ya sayi wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a wurinsa. Ya roƙe shi aron bayan shagon duk ranar Asabar. Nan muka fara taruwa, malaman kwamfuta daga makarantu daban-daban, muna zaune a kan benci da kwalayen kaya. Ƙa'idar zaman ɗaya ce: duk wanda ya koyi wani abu a cikin mako, ko a intanet, ko a wurin ƙaninsa da ke jami'a, ko a wurin masu gyara, zai tashi ya koya wa saura. Babu satifiket, babu jaka, shayi ma kowa shi ke sayen nasa. A bayan shagon nan na fara koyon kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni ta bi, ina da furfura a gemu. Idan na yi kuskure Sabi'u ya ce, “Bazazzagi, kai ko na'ura sai ka yi mata gardama.”

Tsohuwar kwamfutar nan ita yake ɗauka zuwa aji ranar Litinin. Aji cike da yara, kwamfuta ɗaya, sai ya ɗora ta a kan tebur su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa, ya rubuta sunansa, ya goge, ya ba na baya. Da tafiya ta yi tafiya haruffan da ke kan kibod ɗin suka goge saboda yawan yatsu, har sai da ya riƙa sake rubuta su da jan farce na matarsa. Na taɓa ce masa ya tausaya wa baiwar Allah nan ya bar ta ta huta. Ya ce kwamfutar da haruffanta ba su goge ba, an ci amanar yara da ita.

Cikin yaran da suka goge haruffan nan akwai Ladi, 'yar wani manomi a wani ƙauye kusa da Kwali. Ta gama, ta tafi kwalejin ilimi ta karanta kwamfutar ita kanta, ba irin namu na tsintuwa ba, kuma Allah Ya yi aka turo ta koyarwa a makarantar da ta baro. Ranar da Sabi'u ya kawo ta zaman Asabar a matsayin Malama Ladi, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce mana yanzu ko ya faɗi akwai mai ɗauka. Ba mu san maganar za ta zo da wuri haka ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti, kafin mu gama shirin zuwa dubiya aka kira mu jana'iza.

Bayan rasuwarsa da kamar shekara ɗaya, wata ƙungiyar agaji ta kawo wa makarantar abin da ya ƙare rayuwarsa yana nema: ɗaki guda cike da sababbin kwamfutoci, da wutar sola, da fankoki. Malamai suka haɗa baki suka ce a sa wa ɗakin sunansa. Aka yi allo mai kyau aka kafa a saman ƙofa. Ina wurin ranar buɗewa, na yi kuka ban ji kunya ba, na ce a raina wahalar mutumina ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Ƙungiyar ta gindaya sharaɗi ɗaya, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce makaranta ta turo malami ɗaya a horar da shi a kan kayan, kuma kada a buɗe ɗakin sai mai satifiket ɗin horon yana nan. Su a tunaninsu wa za a turo in ba malamin kwamfuta ba? Ba su san da layi ba. Layi kuwa yana kan Malam Tanko, malamin aikin gona. Don Allah kada a zargi Malam Tanko, mutumin kirki ne. Da kansa ya ce a ba Malama Ladi, shi me ya haɗa shi da kwamfuta? Ofishin malamai ya ɗau zafi. Aka ce yarinyar da ta zo jiya za ta tsallake manya? Aka ce in aka karya layi yau don ita, gobe kowa zai kawo nasa dalilin, a koma gidan jiya. Malam Tanko ya tafi, ya dawo da satifiket da jaka, da ɗan abin da ya riƙe na kunnawa da kashewa.

Duk da haka an ɗan ga haske na wani lokaci. Malam Tanko yakan buɗe ɗakin ya zauna a bakin ƙofa yana duba takardun ɗalibansa, Malama Ladi tana ciki tana koyarwa. Sai canjin wurin aiki ya same shi. Kun san inda aka kai shi? Makarantarmu ta Karshi, inda ba mu da kwamfuta ko ɗaya sai tawa ta kaina. Yau teburinsa yana kusa da nawa. Satifiket yana Karshi, kwamfutoci suna Kwali, kuma tun ranar da ya bar can aka sa wa ƙofar kwaɗo. Ƙungiyar ta gama aikinta ta tafi, ba wanda za a je a ce wa ya sassauta sharaɗin.

Nakan zauna in ce, da Sabi'u zai leƙo yau, me zai ce? Zai tarar an sabunta manhajar karatu, an zuba kodin a ciki, an zuba ƙirƙirarriyar basira, wadda yanzu yaro zai tambaye ta a waya ta rubuta masa aikin gida tsaf kafin ya gama shan koko. Na san halinsa, ba zai tsaya tsine wa zamani ba. Shi ne zai fara koyon abin, ya zo Asabar ya ce mu zauna mu gano yadda za a ba yaro aikin da sai ya yi tunani da kansa. Zai tarar manyan jarrabawa suna ta komawa kan kwamfuta. Zai tarar kusan duk mako ana taro a wani otal a cikin gari, ana jawabi a kan makomar yaranmu a zamanin fasaha, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Zai kuma tarar rabin waɗanda muka fara zaman Jabi da su sun ajiye alli sun koma kamfanoni, domin malamin kwamfutar da ya iya aikinsa yana da masu nemansa a waje. Duk wannan zai iya haɗiyewa. Abin da ban san yadda zai haɗiye ba shi ne ya je makarantarsa ya ga Ladi a gaban baƙin allo tana zana linzamin kwamfuta da alli, tana cewa nan ake dannawa, alhali ga kwamfutoci can bayan bango, a ɗakin da ke ɗauke da sunansa.

Abin da na gani ke nan da idona a makon jiya. Na je ne don in yi masa addu'a a inda ya yi aiki. Shugaban makarantar na yanzu ya karɓe ni hannu bibbiyu, da ya ji ni abokin marigayi ne sai ya jawo durowa ya ɗauko makulli. Ashe ana buɗe ɗakin, amma ga baƙi. Muka shiga. An share, an goge, kowace kwamfuta an lulluɓe ta da yadi. Ya yaye ɗaya yana murmushi ya ce, “Ranka ya daɗe, ka gani? Yadda aka kawo su haka suke. Ko ƙwarzane babu.” Na duba kibod ɗin, kowane harafi yana nan fes. Da na ɗaga kai sai na ga yara sun yi cincirindo a taga suna leƙe. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma cikin masu leƙen akwai 'yan ajin ƙarshe da za su zauna jarrabawar shiga jami'a a kan kwamfuta nan da 'yan watanni.

Na tambaye shi me ya hana a ba Malama Ladi makullin, tunda ita ta fi kowa sanin kayan a duk makarantar. Ya ce shi ma ya sani. Amma in abu ya lalace a hannun wadda ba ta da satifiket, wuyan wa za a kama? Ga ritaya ta kusa, ba ya son a riƙe masa haƙƙinsa a kan kwamfuta. Sannan ya sassauta murya ya ce, “Kuma ɗakin marigayi ne, Malam. Amana ce. Ba za mu bari yara su yi kaca-kaca da shi ba.” Ban ce masa mugu ba, don ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Amma na ji kamar in kurma ihu. Ya ga fuskata ta canza, sai ya ce in kwantar da hankalina, an kusa warware matsalar. Wata sabuwar gayyata ta zo daga sama, bita ce a kan kodin da ƙirƙirarriyar basira, kuma an ce duk wanda ya dawo da satifiket ɗinta zai iya riƙe ɗakin kwamfuta. Na ce alhamdulillahi, yaushe Malama Ladi za ta tafi? Ya kawar da kai. Layi yana kan malamin wasanni, an riga an tura sunansa.

Ladi ta raka ni bakin titi. Ba ta cikin masu yawan ƙorafi, shi ya sa maganarta ta fi yi mini nauyi. Wani kamfani a cikin gari ya daɗe yana kiranta aiki, tana ce musu su jira. Wannan gayyatar take jira, ta ce in aka ba ta za ta zauna. “Malam,” in ji ta, “na yi haƙuri har haƙurin ya gaji. Yaran nan jarrabawa yana zuwa, wasu ko linzami ba su taɓa riƙewa ba. Kullum ina kawo nawa kwamfuta suna layi, kamar yadda Malam Sabi'u ya yi mana. Shi ba shi da ɗaki ne ya yi haka. Ni ga ɗaki ina kallo. Oga, shugaban makaranta, ya ce in jira layina, layina kuma sai yaran nan sun yi aure.” Ta ce za ta tsaya har su gama jarrabawa, daga nan ta ajiye aikin.

Ga malaman makarantar, waɗanda da yawansu sun yi kuka a jana'izar Sabi'u kuma kukan gaskiya suka yi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda ya ce a koma zamanin 'yan gaban goshi. Ku riƙe layinku a kan bitar da ta shafi kowa. Amma wadda ta shafi darasi, ku ba mai darasin. Masu aiko da gayyata su ma su daina rubuta “a turo malami ɗaya” su koma ofis su zauna, su rubuta malamin da suke nufi. Malamin wasanni kuwa, in wannan rubutu ya kai gare shi, har yanzu motar ba ta tashi ba.

Idan na auna abin da ya rage na Sabi'u bayan shekara shida, ba na fara lissafi da allon nan. Zaman Asabar yana nan, ko da yake mun ragu, kuma yanzu har Malam Tanko yana bina, ya ce tunda an ɗora masa satifiket gara ya san abin da ke cikinsa. Tsohuwar kwamfutar tana nan a shagon Alhaji Mudi, matarsa ta bar mana ita, tana aiki in an lallaɓa ta, jan farcen da ya rubuta haruffan da shi ma ya goge. Akwai yara a shagunan buga takardu da ofisoshi a garin nan da suke cin abinci da abin da suka fara taɓawa a kan teburinsa. Akwai Ladi, wadda ya ce ko ya faɗi za ta ɗauka, ta kuwa ɗauka har inda ƙarfinta ya kai, ga shi muna shirin sakinta da hannunmu.

Saboda haka roƙona ga makarantar ɗaya ne, kuma a matsayin abokinsa nake yin sa. Ku ba Malama Ladi kujerar bitar nan, ku cire kwaɗon, ku bar yara su goge haruffan. In kuwa layi ya fi ƙarfinku, to ku kira kafinta ya sauke allon nan ku aika wa iyalinsa. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana roƙon a buɗe wa yara ƙofa. Bai kamata bayan ransa ku mayar da shi mai gadinta ba.